Karanta Mini, Injiniya

Shekara biyu cur na yi ina jin haushin Bambo Makwinja, wato Baba Makwinja a yarenmu, kafin in gane cewa mutumin ba ya gani sosai. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, don ni ce kullum a gefensa, ni ce kuma mai taƙama da takardar makaranta.

Shi ne shugaban masu gyaran lantarki a masana'antar shayinmu da ke gindin dutsen Mulanje, ni kuma Tiyamike, mataimakiyarsa. Ranar da na kama aiki ya karɓi takarduna, ya jujjuya su, ya miƙo mini ba tare da ya duba ko layi ɗaya ba, ya ce, "To, Allah ya kawo mana Injiniya." Daga ranar sunan ya bi ni. Duk akwatin lantarkin da muka tsaya a gabansa sai ya harɗe hannuwa a baya, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Karanta mini, Injiniya, mu gani ko zaman makaranta a Blantyre bai tafi a banza ba." In karanta masa lambar da ke kan gilashin, ya gyaɗa kai kamar malamin da ya riga ya san amsa. Haka a kan mita, haka a kan launin waya. Ina da ɗa, ina da difloma, amma kullum ana yi mini jarrabawar 'yan firamare a gaban leburori. Sau nawa na koma gida ina tsaki ni kaɗai a hanya!

A gidajen ma'aikatan gonar aka haife shi, uwarsa mai tsinkar ganye. Da zuba itace a tukunyar tururi ya fara. Yakan ce abin da ya kai shi ga lantarki zafi ne kawai, ya leƙa ya ga masu gyaran waya suna aiki a inuwa. Ta wasiƙa ya yi karatun, matarsa Mayi Esnati, wato Mama Esnati, tana toya mandasi, irin fankenmu, tana sayarwa a bakin ƙofar masana'anta don a samu kuɗin kan sarki na gidan waya. Shekara talatin da ɗaya suna zaune a gida ɗaya na kamfani, mai bishiyar fiya a tsakar gida wadda ita ta shuka. Gidan na mai aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar ake fara ɗaure kaya, shi kuwa saura masa shekara uku ya yi ritaya.

Aikinmu mafi nauyi yana ɗakin yaushi. Can ake baza ɗanyen ganye a kan gadaje ashirin da huɗu, dogaye masu raga, fanka tana hura iska ta ƙarƙashi har ganyen ya yi laushi. In iska ta yi yawa ya bushe ya kakkarye, in ta yi kaɗan ya ɗau zafi ya yi ja, shayin ya tashi daga aiki. Kowace fanka tana da inbatarta a wani dogon lungu a bayan gadajen, inda mu kaɗai ke shiga. Inbatar ce ke ƙara wa injin gudu ko ta rage masa. Daga kowace inbata waya ta taso ta bi gefen gado, ta ƙare a wani ɗan abin murɗawa irin na rediyo, wanda matan ɗakin suke kira kunne. Shugabarsu Mayi Elufe sai ta damƙi ganye, ta matse a tafin hannu, ta saki ta ga yadda zai buɗe, sannan ta murɗa wa fanka kunne. Ɗan lantarkin da ke bin wayar ya ƙaru ko ya ragu, fanka ta yi biyayya. Iyakar dabarar ke nan, kuma Bambo ne ya ja wayoyin nan duka da hannunsa.

A farkon Janairu, tsakiyar damina ke nan a ƙasarmu, ruwa na zuba, ganye na shigowa kamar ba gobe, Manaja Kachingwe ya kira mu ofis. Ya ce inbatocin sun tsufa, kamfani zai sayi sababbi, kuma yana son mu zaɓa masa kafin ƙarshen wata. Ko dai a zauna a kan tsohuwar hanya, kowace inbata da wayarta da kunnenta, ko kuma a koma netwok, waya ɗaya ta ratsa su duka kamar zaren carbi, kowace da lambarta, ana yi mata magana daga allon kwamfuta, ita ma tana mayar da amsa.

Tun a matakala muka fara musu.

"Bambo, ai wannan ba ya buƙatar shawara," na ce. "Netwok mana. Inbata za ta faɗa maka wutar da take ja, da zafin jikinta, da abin da ke damunta. Yanzu fa? Kurma ce ta gefe ɗaya, tana ji ba ta magana."

"Bebiya dai, Injiniya. Kurma shi ne wanda ba ya ji, irin ki."

"To bebiya."

"Ɓera ɗaya ya ci wayarki, gado nawa za su tsaya? Duk na bayansa. Ya ci tawa, ɗaya tak. Kin taɓa ganin tsawar dutsen nan ta sauka a kan waya? Ni na gani, har girata ta tafi da ita. Tawa in ta lalace, in murɗa kunne in kasa nawa kunnen, na san inda ciwon yake. Taki sai an ɗauko yaro daga birni da jaka a kafaɗa, ya sha shayinmu, ya ce a kashe a kunna."

Gaskiya ne duk abin da ya faɗa, shi ya sa ya fi ba ni haushi. Na ɗauka tsufa ne da taurin kai. Ban san cewa tsohuwar hanyar ita kaɗai ce zai iya aiki da ita ba. Hannu da kunne sun ishe ta. Sabuwar kuwa allo ce cike da ƙananan rubutu.

A tsakiyar watan ɗana ya kwanta da zazzaɓi, na ɗauki hutun kwana biyar na tafi Phalombe wajen mahaifiyata. Safiyar Asabar da na dawo, tun daga ƙofa na ji warin. Duk wanda ya yi aikin shayi ya san shi, wari mai tsami-tsami kamar na ciyawar da aka tara ruwa ya doke ta. Fankar gado na sha bakwai ta tsaya tun jiya, kunnenta yana nan inda aka murɗa shi, kuma da rugugin fankoki ashirin da uku da ruwan sama a kan kwano ba wanda ya ji shirun guda ɗaya. Ganyen ƙananan manoma ne, na ƙauyuka biyu, ya yi jawur. Da shebur ake kwashe shi.

Mayi Elufe tana tsaye a gefe, ta ɗora hannu biyu a ka. Manaja ya dakatar da ita nan take, ya ce ranar Litinin za a yanke hukunci. Mace mai jikoki huɗu a hannunta, shekara ashirin ba ta taɓa ƙona gado ba.

Na shiga lungu na buɗe akwatin sha bakwai. Ƙurar ganye ta toshe 'yar fankar da ke sanyaya inbatar, ta yi zafi ta kashe kanta. Na latsa na duba tarihinta. Kwana huɗu tana nuna gargaɗin zafi a gilashi, baro-baro. A jikin ƙofar kuma ga takardar duba ta kullum, ga sa hannun Bambo sau huɗu, kowanne da alamar lafiya lau.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato ni ake yi wa jarrabawa, shi kuwa ko duban gilashin ba ya yi. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na naɗe takardar na nufi gidansu, na shirya maganganu masu zafi tun daga hanya.

Ta bayan gida na shiga, don haka ba su gan ni ba. Suna zaune a gindin fiya. Mayi Esnati ta sa tabarau, ta buɗe littafin sabuwar inbata a cinyarta, tana bin layi da yatsa tana karanta Turancin da ƙyar, kalmar da ta gagara ta faɗi haruffanta ɗaya-ɗaya. Shi kuma ya rufe ido yana maimaitawa. A hannunsa akwai ƙullin zaren buhu, yana ta ɗaura ƙulli yana ƙirgawa da yatsa. Nan take na tuna zarurrukan da ke rataye a wayoyinmu na lungu, wani ƙulli uku, wani bakwai. Na sha tambayarsa, ya ce maganin ɓera ne. Ashe lambar gado ce, don ya gane waya da taɓi.

"Shafi na arba'in, baban Limbani," in ji ta. "In ta nuna wannan lambar, zafi ne. Na faɗa maka tun jiya, kai ne ba ka riƙewa."

"Na riƙe. Muryarki ce ke sa ni barci."

"Shekara talatin ba ta sa ka barci ba sai yau?"

Na so in juya, sai kaza ta tona mini asiri. Mayi ta ɗago ta gan ni, ta ga takardar da ke hannuna, ta rufe littafin a hankali.

"Wane ne?" in ji Bambo, yana kallon inda nake. Tsakaninmu bai fi taku goma ba.

"'Yarka ce ta wajen aiki," ta ce. "Zo ki zauna, Tiya. Kin zo a daidai, nsima ta kusa."

Ba a yi maganar ba sai da muka ci. Nsima ce, tuwon masararmu, da ganyen kabewa da 'yan ƙananan kifi, ni dai turawa kawai nake yi. Bayan an wanke hannu ita ce ta faɗa mini. Ciwon suga ne ya taɓa masa ido, shekara uku ke nan. Yana ganin hanya, yana ganin mutum kamar inuwa, amma duk abin da ya tsura wa ido sai tsakiyarsa ta ɓace. Likita ya ce a riƙe abin da ya rage, wanda ya tafi ya tafi. Tun daga lokacin duk littafi da zanen da ya shigo masana'anta sai ya kwana a gidan nan, ta karanta masa ya haddace. Ita da ta tsaya a aji shida, yanzu ta san lambobin matsalar inbata fiye da ni.

"Kwana huɗun nan na tsaya a gaban akwatin," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na ga wani abu yana ƙiftawa. Na ce in na kira wani ya karanta mini, ya zan ce masa? Ke kaɗai nake da hujjar tambaya. Na taɓa jikinta, na ji ɗumi, na ce za ta kai ki dawo."

Na rasa inda zan sa kaina. Duk tsakin da na yi a hanya shekara biyu ya dawo mini a wuya. Kuka ya zo mini, na haɗiye, sai na koma faɗa, don shi na fi iyawa.

"To me ya sa ba ku faɗa mini ba, Bambo? Ni dodo ce? Ku saurara. Gobe mu ce a bar tsohuwar hanya. Hujjojinku masu ƙarfi ne, ni zan faɗe su da bakina. Ni ce idonku, ba hutu ba tafiya, shekara uku kamar gobe ne. Sha bakwai kuma mu ce inbata ce ta mutu farat ɗaya, ai dama ta tsufa. A mayar da Mayi Elufe, kowa ya huta."

Na ga yana so, wallahi na gani a fuskarsa. Ya ɗaga kai wajen bishiyar, ya shafa zaren da ke hannunsa.

"In ɗanki ya sake zazzaɓi fa?"

"Sai in kawo shi nan, Mayi ta riƙe mini."

Ya yi 'yar dariya. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Ke me kika ce?"

"Ni na gaji da Turanci," in ji ta. "Amma in ka ce a ci gaba, ga tabarau."

Da haka na tafi, ina ganin mun gama magana.

Ranar Litinin da hantsi muka taru a ofis, Manaja da mu biyu, Mayi Elufe tana zaune a benci a waje tana jiran nata. Na miƙe na zuba bayani. Na kawo ɓera, na kawo tsawa, har yaron birni mai jaka ban bari ba. Manaja ya saki baki yana kallona.

"Ke ba ke ce kika hana mu sakat da netwok ba?"

"Na sake tunani, ranka ya daɗe."

"To madalla, kun haɗu ke nan. Bambo Makwinja, sai a rubuta."

"A rubuta netwok," in ji Bambo.

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ko gezau.

"Duk abin da Injiniya ta faɗa nawa ne, aro ta yi, kuma ba ta iya faɗa ba," ya ce. "Ɓera a sa wa wayar bututun ƙarfe. Tsawa akwai abin da ake sa mata a bakin layi. Amma inbatar da ke ciwo kwana huɗu ba ta da bakin faɗa wa kowa sai wanda ya zo gabanta, wannan ba ta da magani a tsohuwar hanya. Sha bakwai ta yi kuka kwana huɗu. Ni na tsaya a gabanta, ni na sa hannu, kuma ban ga abin da ta rubuta ba, don ba na gani. Shekara uku ke nan. Matar da ke waje ba ta da laifin komai, a ce ta koma bakin aikinta."

Manaja ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Shi ma Bambo ne ya koya masa bambancin fis da sukudireba lokacin da ya zo sabo.

"Bambo," ya ce, "ka san abin da wannan maganar take nufi?"

"Na sani. Na fi ka sanin dokar, an karanta mini ita." Ya gyara zama. "Roƙo ɗaya gare ni, biyu ne ma. Kada a cire kunnuwan. Netwok ta riƙa kawo labari, ta yi ƙara in wata ta tsaya, amma gudun fanka a bar shi a hannun su Elufe. Sabuwar inbata tana karɓar duka biyun, yana shafi na sittin da biyu. Allo bai san ganye ba, tafin hannunta ya sani. Na biyu, a bar ni in ja wayar kafin in tafi."

A waje na tare shi, idona ya cika. "Bambo, da kun bari ai da kunnuwan nan kun ci gaba da aiki."

"Kunnuwan na hannunsu ne, Injiniya, ba na idona ba. Kuma ki daina taka wa tsoho ƙafa, takalmin aro ne."

Mayi Elufe ta koma aiki a ranar. Ba ta yi masa magana ba har sati biyu, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da ta huce, gyaɗa ta ajiye masa a kan teburin shago ta fita.

An ba shi zuwa ƙarshen Yuli ya ajiye aiki, lokacin da ganye ke ja baya. Cikin sanyi da yayyafin nan da ba ya tsayawa muka ja wayar, daga inbata ta ɗaya zuwa ta ashirin da huɗu. Ni ke ba kowace lambarta a allo, shi ke bin bututu da hannu, yana gano inda ya yi kaifi, yana sa a sake. Ko sau ɗaya bai ce in karanta masa komai ba a watannin nan. In yana son sanin abu sai ya yi shiru a gaban akwatin, ni kuma in faɗa kamar da kaina nake magana. A gida Mayi Esnati ta fara ɗaure kaya za su koma ƙauyensu, ta shuka 'ya'yan fiya uku a gwangwani.

Ranar ƙarshe aiki ɗaya ya rage. A ƙarshen layin netwok ana sa wani ɗan resista, bai fi ƙwayar wake ba, in babu shi saƙo yakan je ya dawo ya ruɗa sauran. Ya ce shi zai sa. Muka tsuguna a gaban inbata ta ashirin da huɗu, matan ɗakin yaushi sun taru a bakin lungu suna leƙe, har da Mayi Elufe. Ya zazzage 'yar ledarsa a tafin hannu, resistoci kusan goma, duk girmansu ɗaya, zobban launin da ke jikinsu ne kawai ke bambanta su. Ya lalubi ɗaya, ya ɗaga shi wajen haske, ya juya shi. Sannan ya miƙo mini, a gaban kowa, bai rage murya ba.

"Karanta mini, 'yata. Ba na gani."

Sai da na goge idona da hannun riga kafin launukan su tsaya wuri ɗaya.

"Ruwan ƙasa, ja, ruwan ƙasa, Bambo. Shi ne."

"Na sani," in ji shi. Ya karɓa, ya lalubi ramukan biyu da ɗan yatsa, ya ɗaure.